Kalmar “Sudden”: Sauri Take Nufi ko Rashin Zato?

Duk wanda ya taɓa fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ya san kalmar *sudden*, kuma da wuya a sami wanda ya tsaya ya yi mata kallon tsanaki. Hannu kan riga tunani, ya rubuta “kwatsam”, a wuce gaba. Idan daga Faransanci ake fassarar, haka ake yi wa *soudain* da *subit*. A ganina wannan sabo yana jawo mana asara, domin kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda Ingilishi ya ɗaure da igiya ɗaya, Hausa kuwa ta ba kowace turkenta. Ta farko ita ce sauri, wato abu ya auku cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Ta biyu ita ce rashin zato, wato abu ya auku babu wanda ya hango shi. Galibi biyun tare suke tafiya, shi ya sa ba a lura da bambancinsu. Amma akwai inda suke raba hanya, kuma a nan ne mai fassara kan ɓatar da mai sauraro a kan maganar da ta shafi lafiyarsa ko gidansa.

Inda kalmar ta fito

Kalmar ba ƴar asalin Ingila ba ce. Tushenta wani aikatau ne na Latin, *subire*, wanda aka gina da ɗafa-goshin *sub*, mai nufin ƙarƙashi, da saiwar *ire*, mai nufin tafiya. Ma'anarsa ta fili ita ce shiga ƙarƙashin abu ko tasowa daga ƙasa, daga nan ta miƙe zuwa matsowa a ɓoye, irin ta mai sanɗa. Wannan aikatau ya haifi sifar *subitus*, wato abin da ya laɓaɓo ya iso ba a ji motsinsa ba. Daga baya aka tsawaita ta zuwa *subitaneus*, bakin talakawan daular Rum kuma ya mai da ita *subitanus*, sigar da masana suka gano ta hanyar kwatanta harsunan da Latin ya haifa.

A ƙasar da ta zama Faransa kalmar ta sha sassaƙa. Wasalin *i* na tsakiya ya faɗi saboda ba shi da nauyi a furuci, *t* ta koma *d*, ita kuwa *b* da aka bari a ƙarshen gaɓa ta narke. Abin da ya rage shi ne *sodain*, wanda ya zama *soudain* na yau. Ta wannan hanyar ce *cubitus*, gwiwar hannu, ta zama *coude*. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa yana da rauni a harshenmu ma. Tun 1928 August Klingenheben ya bayyana dokar da ta sa “sabka” da “abduga” na Hausar yamma suka zama “sauka” da “auduga” a Kananci. Bambancin shi ne a Hausa baƙin ya rikiɗe ya zama wasali, a Faransanci kuwa ya ɓace ɗungum. Daga baya malaman Faransa suka koma littattafan Latin suka sake aro kalmar a sigarta ta rubutu, *subit*. Shi ya sa Faransanci yake da tagwaye daga uwa ɗaya: wadda ta biyo ta baki da wadda ta biyo ta alƙalami. Aikatau *subir*, da ake faɗa wa wanda abu ya faɗa masa ba da son ransa ba, shi ma ɗan gidan ne.

Kalmar ta tsallaka teku bayan 1066, shekarar da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Wajen shekarar 1300 aka fara ganin ta a rubutun Ingilishi, a sigogi irin su *sodein* da *sodain*, kuma rubutunta bai tsaya a kan *sudden* ba sai bayan ƙarnoni. Kafin zuwanta Ingilishi yana da tasa. A tsohon Ingilishi *fǣr* na nufin hari ko masifar da ta auko ba shiri, *fǣrlīce* kuma shi ne bayanau da ke yin aikin da *suddenly* ke yi a yau. Baƙuwa ta kori ƴar gida daga wannan aiki, amma ƴar gidan ba ta mutu ba: ita ce ta zama *fear*, tsoro. Sunan abin da ya auko ya koma sunan abin da zuciya ke ji idan ya auko.

Abin lura a wannan tarihi shi ne babu sauri a tushen kalmar ko kaɗan. Sanɗa aikin sannu-sannu ne. Kyanwar da ke sanɗar ɓera takan daɗe tana jan ciki, ɓeran ne kaɗai ke ganin abin ya zo masa lokaci ɗaya. Ke nan tun farko kalmar tana magana ne a kan wanda aka shammata, ba ta auna tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Sauri daga baya ya shigo, kuma shigowarsa ba abin mamaki ba ne, tun da abin da ba ka ga tahowarsa ba a idonka kamar walƙiya yake. A Italiyanci sabuwar ma'anar ta kusa cinye tsohuwar: *subito* a bakin mai sayar da abinci na nufin “yanzun nan”, kuma babu wanda aka shammata. A Ingilishin zamanin Shakespeare kuma akan kira mutum mai saurin fushi ko mai garaje *sudden*, amfanin da ya tsufa a yau.

Ba na kawo wannan tarihi don a ce ma'anar farko ita ce ta gaskiya. Asalin kalma ba ya yanke wa masu magana hukunci, in ba haka ba da sai mu hana Turawan Ingila kiran tsoro *fear*. Amfanin tarihin shi ne ya nuna mana ɗinkin da ke jikin kalmar, mu san cewa ƙyalle biyu aka haɗa.

Yadda ake amfani da ita a yau

A *a sudden noise* ma'anonin biyu suna tare: ƙarar ta zo da sauri, kuma ba a zace ta ba. A *a sudden drop in temperature* sauri ne ya rinjaya, domin mai hasashen yanayi yana iya sanar da saukar sanyin tun jiya, kuma duk da haka a kira ta *sudden*. A *his sudden resignation* rashin zato ne ya rinjaya. Mai yiwuwa mutumin ya yi wata shida yana juya maganar murabus a ransa, abokan aikinsa ne kawai ba su sani ba. A *a sudden bend in the road* kuwa babu abin da ya motsa, hanya tana nan inda take shekara da shekaru, direba ne ya tarar da lanƙwasar ba shiri.

A fagen wasa *sudden death* na nufin matakin da wanda ya fara ci ya yi nasara, a tashi. A ƙwallon ƙafa an yi amfani da irin wannan doka a ƙarin lokaci, aka sa mata sunan da ya fi daɗin ji, wato ƙwallon zinariya. Da ita Henri Camara ya fitar da Suwidin ya kai Senegal zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2002, kafin a soke dokar a 2004. A nan babu rashin zato, kowa a filin ya san ƙwallo ɗaya za ta kashe wasan, abin da ake jira ke nan. Yankewa farat ɗaya ita ce ma'anar.

Akwai kuma *all of a sudden*, inda kalmar take aikin suna. A ƙarni na 16 da na 17 *sudden* suna ne mai rai, ana cewa *on the sudden* da *of a sudden*. Sunan ya mutu, ya bar gawarsa a cikin wannan ƙulli ɗaya. Masu gyaran harshe kan yi wa Amurkawan da ke cewa *all of the sudden* dariya, alhali tsofaffin rubuce-rubuce cike suke da *the* a gaban kalmar. Wanda zai rubuta jarrabawa ya riƙe sigar *a*, domin ita ce karɓaɓɓiya a rubutu, amma ya san cewa al'ada ce ta zaɓe ta. Maƙwabciyarta *abrupt* daga wani hoto dabam ta fito, Latin *ab* da *rumpere*, wato karyewa, shi ya sa ake faɗar ta ga maganar da aka katse ko mutumin da ke amsawa a gajarce ba fara'a. Faransanci ya ƙara hoto na uku a *tout à coup*, inda *coup* yake bugu, Jamusanci kuma ya gina *plötzlich* a kan kwaikwayon ƙarar bugu. Sanɗa, karyewa, bugu: kowane harshe da ƙofar da ya bi ya shiga ɗaki ɗaya.

Abin da Hausa take da shi

Hausa ba ta da sifa ɗaya da ta yi daidai da *sudden*, kuma ba ta bukatar ta. Tana da tarin kayan aiki, kowane da wurinsa. Ta ɓangaren rashin zato akwai “ba zato ba tsammani”, da “ba-zata” kamar a “ziyarar ba-zata”, da aikatau irin su “shammata” da “mamaya”, waɗanda su ne suka fi kusa da *subire* na Latin. Ta ɓangaren sauri akwai “farat ɗaya”, “nan take”, “nan da nan”, “kafin ƙiftawar ido”. Akwai “fuju'a” da muka aro daga Larabci, wadda kusan ba ta rabuwa da mutuwa. Sannan ginin jumla da kansa yana iya ɗaukar nauyin ba tare da wata kalma ta musamman ba: “Muna cikin hira sai ga shi”, “Fitarsa ke nan sai rufin ya rufto”, “Ban ankara ba sai na ji shi a bayana”.

Ana iya raba su da gwaji mai sauƙi. A sa “mun san za a yi haka” a gaban jumla, a ga wadda za ta tsaya. “Mun san ruwan zai sauko, kuma farat ɗaya ya sauko” magana ce lafiyayya. “Mun san ruwan zai sauko, kuma ba zato ba tsammani ya sauko” ta ci karo da kanta. “Nan take” kuma tana neman wani abu da ya gabata wanda za a auna daga gare shi: ya sha maganin, nan take ya ji sauƙi.

“Kwatsam” fa? Amsa-kama ce, kuma a kunnena ta fi karkata ga rashin zato. Tana son farkon jumla, tana son “sai” a bayanta, kuma tana bukatar wani da ke tsaye yana kallo lokacin da abin ya faɗo masa. Kalmar mai ba da labari ce. Shi ya sa take zama daram a tatsuniya da ƙagaggen labari, amma take yin banbaraƙwai a takardar gargaɗi, inda babu labarin da ake bayarwa. Idan muka mai da ita abokiyar *sudden* ta dindindin, mun ɗauki sifar da ke shiga ko'ina mun musanya ta da amsa-kama mai zaɓen wurin zama.

Inda kuskuren ke da tsada

Likitoci sun riga mu gane cewa kalmar fuska biyu gare ta. Idan suna maganar mutuwar da kan auka wa mai farfaɗiya ba tare da wani dalili na fili ba, sukan jera *sudden* da *unexpected* a suna ɗaya. Da kalma ta farko ta wadatar, da ba a ƙara ta biyu ba. A Faransa ma, ban da tsohon sunan *mort subite du nourrisson* na mutuwar jarirai a cikin barci, an shigo da *mort inattendue* a matsayin suna mai faɗi. A fannin zuciya kuwa *sudden* awo ne na agogo: mutuwar da ta auku cikin kamar awa ɗaya da fara alamu.

A ɗauki saƙon faɗakarwa a kan shanyewar ɓarin jiki. Alamunta sanannu ne: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. A saƙonnin Ingilishi kowace alama da *sudden* a gabanta, kuma aikin kalmar shi ne ta raba wannan ciwo da raunin da ke zuwa a hankali cikin makonni. Idan aka fassara da “ba zato ba tsammani”, ba a gaya wa mai sauraro komi ba, tun da babu ciwon da ake aika wa goron gayyata. Abin da ya kamata ya ji shi ne mutum yana lafiya lau yanzu-yanzu, farat ɗaya bakinsa ya karkace, kuma a garzaya da shi gidan likita a lokacin. Maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Iyalin da suka fahimci saƙon a matsayin “abin da Allah ya kawo ba zato” suna iya kwana suna jiran gari ya waye.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Masu aikin agaji sukan raba bala'o'i gida biyu: masu aukowa da sauri, irin su girgizar ƙasa da ambaliya, waɗanda suke kira *sudden-onset*, da masu tahowa a hankali, irin su fari. Rabon na sauri ne zalla. Amma idan labarin ya iso Hausa, sau da yawa sai a ji “ambaliya ta auka wa jama'a ba zato ba tsammani”. Wa bai zata ba? Kogin Kwara ya ɓalle ya shiga unguwannin Yamai a 2020, ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Maraɗi a 2024, kuma kowa ya san watan Agusta da abin da yake zuwa da shi. Ruwan kwari yakan sauko farat ɗaya, wannan gaskiya ne, amma hanyarsa sananniya ce tun kakanni. Wanda ya ce “farat ɗaya” ya bar ƙofar tambaya a buɗe: ina magudanar ruwa, wa ya ba da filin gini a bakin kwari, yaushe aka yi gargaɗi? Wanda ya ce “ba zato ba tsammani” ya rufe ƙofar, ya wanke kowa, ko da bai yi niyya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda aka gaya wa cewa tafiyar ba-zata ce ba zai tambayi dalilin da ya sa ba a fafe goran ba.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce ƙamus ba littafin nahawu ba ne, wuri gare shi ƙanƙane, kuma mai koyo amsa ɗaya yake so. Akwai gaskiya a nan. Amma raba ma'ana biyu layi biyu kawai yake ci, kowane da jumlar misali. Amsa ɗaya tana sauƙaƙa wa mai koyo a yau, ta kunyata shi ranar da ya zama mai fassara a gidan rediyo.

Wani kuma zai ce masu Ingilishin kansu ba sa tsayawa su rarrabe, me zai sa mu wahalar da kanmu? Su harshensu ya ba su damar barin maganar a dunƙule, mahalli ya warware ta. Mu namu bai ba mu wannan dama ba. Da zarar ka buɗe baki da Hausa ka riga ka zaɓa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Haka Bafaranshe yake tilas ya zaɓi *tu* ko *vous* inda Ingilishi ya ce *you*, haka mu ma muke zaɓar “kai” ko “ke”. Tun da zaɓin dole ne, gara a yi shi da ido buɗe.

Na uku ya fi nauyi, kuma na yarda da shi: rabon da na yi wa kalmomin Hausa a sama a kan kunnen mutum ɗaya ya dogara. Mai yiwuwa Ba'adare ya ji “kwatsam” dabam da yadda Badamagare yake jin ta, mai yiwuwa akwai amsa-kamar da ake faɗa a Gobir wadda ba ta taɓa shiga takarda ba. Maganin wannan shi ne tattara shaida. Babban ƙamus na Oxford, wanda kashinsa na farko ya fito a 1884 aka kammala shi a 1928, an gina shi ne da ƴan takardun da masu sa-kai suka riƙa aikawa, kowace da jumla ɗaya, da inda aka same ta, da shekararta. Da irin wannan aiki aka san lokacin da *sudden* ta shiga Ingilishi da ma'anonin da ta ɗauka ta ajiye. Mu muna da manyan ayyuka irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, muna da na Abdou Mijinguini a nan gida, amma har yanzu muna ƙarancin taskar jumlolin da aka ji daga baki, masu ɗauke da wuri da lokaci.

Wannan aiki ne da ajin nazarin ma'ana ɗaya zai iya farawa cikin zango ɗaya na karatu. Kowane ɗalibi ya ɗauki kalma guda daga cikin waɗanda aka ambata, ya tara jumloli hamsin daga labarun rediyo, da hirar kasuwa, da wa'azi, da bakin tsofaffin garinsu, ya rubuta wanda ya faɗa daga wane yanki yake da abin da ake magana a kai. Sannan a zauna a yi wa kowace jumla tambaya biyu: abin da sauri ya auku? Akwai wanda ya san zai auku? Abin da ya fito a miƙa shi ga masu fassarar saƙonnin lafiya da na gargaɗin damina, domin su ne suke fuskantar kalmar kowace safiya, kuma galibi ba su da minti biyar na tunani kafin a buɗe musu makirfo.